Na Uku Daga Hagu

Ranar Litinin

Zuwa ga ɗan ƙanwata, Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka a can wurin fasa dutse. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta daina shiri da matakala. Mahaifiyarka ta zo ranar Juma'a, ta ce in gaya maka ka daina aiko mata da sabulu, ta tara wanda zai kai ta shekara biyu.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na kira sau uku, ana ce mini ba a samunka. Kuma abin da nake so ba na waya ba ne, na takarda ne, wanda zan ajiye a gabana in bi layi-layi. Direban tifar nan da ke sauke tsakuwa a bayan layinmu ya ce ya san ka, shi zan ba wannan.

Kwamfutar da ka shirya mini kafin ka tafi ta soma nauyi, sai 'yata, Yayarka, ta ɗauke ta ta kai wa mai gyara, ko tambayata ba ta yi ba. Ta dawo tana gudu kamar an sa mata sabon inji, amma ba tawa ba ce. Ka tuna 'yan hotunan nan huɗu da ka maƙala mini a layin ƙasa? Na farko na rubutu, na biyu na sikana, na uku foldar takardun mutane, na huɗu foldar samfuri. Babu su. Abin da ya rage duk ya taru a tsakiyar layin, kuma ba ya zama wuri ɗaya, da na buɗe abu sai su matsa. Na tura maus kusurwar hagu yadda na saba, na ƙirga uku na danna, sai ga labarin yanayi, wai za a yi ruwa.

Shekara talatin da ɗaya ina buga wa mutane takarda a teburin nan, ashirin da shida da tafireta, ban taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Yanzu na uku daga hagu ya tafi da aikin shekara biyar. Kwana tara ke nan kowace takarda daga ka nake buga ta, daga farko har ƙarshe.

Kada ka gaya wa Yayarka. Da ma so take in tattara teburin in koma gidanta in zauna ina kallon talabijin. In ta ji wannan ta samu dalili.

Ka rubuto mini yadda zan yi.

Kawunka

Ranar Asabar

Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, direban ya miƙo mini ita ta taga, motarsa na kan sikeli, har sai da na ce ya cire hannu kada nauyin ya canza. Lafiyata ƙalau. Aikin dai shi ne wanda ka sani: mota ta hau babu kaya in rubuta, ta hau da kaya in rubuta. Ƙurar dutse ce kawai, har cikin kunne. Waya kuwa sai mutum ya hau tudun tsakuwa ya ɗaga hannu sama kamar mai kiran tasi. Allah ya sawwaƙe gwiwar. Ka gaida Inna, ka ce mata sabulun ba zai daina zuwa ba, shi kaɗai ne abin kirki a kantin da ke nan.

Da farko ka kwantar da hankalinka. Hoton da ke layin ƙasa ba shi ne foldar ba. Ƙofa ce kawai na yanka maka zuwa wurinta. An toshe ƙofar, amma ɗakin yana nan da kayansa. Mai gyara ko ya kwashe takardun mutane yakan mayar, in ba haka ba da tuni an rufe masa shago. Ka danna alamar taga a layin ƙasa, ka buga "takardun mutane", za ka ga ta fito.

Mayar da su hagu ba wuya. Ka kai maus inda babu komai a layin, ka danna ɓangaren dama, ka shiga saitin layin. Can ƙasa akwai inda aka zaɓi tsakiya, ka mai da shi hagu. Manhajar rubutu da ta sikana kuma, ka nemo kowace, ka danna mata dama, ka zaɓi layin da ke da hoton 'yar ƙusa. Shi ke nan ta maƙale.

Folda ce mai taurin kai, ba ta yarda a maƙala ta kai tsaye. Sai an yi mata gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta, a buɗe bayanan gajeriyar hanyar, a rubuta kalmar explorer kafin adireshin, a bar fili ɗaya a tsakani. Sannan take yarda. Na zana maka komai a bayan takardar nan, kada ka yi dariyar zanen.

Kawu, akwai abin da nake so in tambaya, in rashin kunya ne ka yafe mini. Sau uku na karanta takardarka. Ba ka ce mai shuɗi ba, ba ka ce mai ruwan ɗorawa ba. Ka ce na farko, ka ce na uku. Lokacin da na shirya maka su da launi kake kiransu, har ka ce shuɗin irin na ƙofar shagon mai hoto ne. Kuma takardar da ka aiko mini bara shafi ɗaya ce, wannan shafi uku, ba don maganar ta fi yawa ba, haruffan ne suka yi girma. Yaya idonka?

Ban gaya wa Yaya komai ba.

Ɗanka, Dogo

Ranar Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya, sai ɗan tari na kwana biyu, ya wuce.

Yau mako huɗu da kwana huɗu da na aiko takarda. Direban ya zo sau shida, kullum in ya hau sikeli hannunsa nake kallo kafin in kalli lamba. Ya rantse ya ba ka hannu da hannu. Na ce to yaya ka gan shi? Ya ce, "Yana nan a teburinsa mana, ya kai fuska kusa da kwamfuta kamar mai shinshina ta. Na ce akwai saƙo? Ya ce babu."

In bayanina ne bai fito ba, ka ce in sake, zan sake ko sau goma ne. In kuma tambayar ce ta ɓata maka rai, na janye ta, ka ɗauka ban yi ba. Kai ka koya mini riƙe biro lokacin da makaranta ta gagare ni, ba zan so a ce da biron na ɓata maka ba.

Na sake faɗa: ban gaya wa Yaya ba, ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa kowa ba.

Ko layi ɗaya ne ka ba direban.

Dogo

Ranar Juma'a

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Ka riƙa ɗaure hanci da ƙyalle a wurin nan, tari ba abin wasa ba ne. Gwiwa tana nan yadda take.

Bari in gaya maka abin da takardarka ta farko ta yi mini, sannan ka auna da sikelinka.

Rubutunka ƙanana ne, biron kuma ya kusa ƙarewa. Ina da wani madubin ƙara girman rubutu a aljihun tebur, na gwada, layi biyu na ci kaina ya ɗauki ciwo. Sai na kira mai hoto, maƙwabcin teburina, na ce ya zo ya karanta mini, wai hannuna da tawada. Ka san shi, in zai karanta lambar mota ma sai ya gyara murya kamar mai labarai a rediyo. Akwai mutum uku a benci suna jira. Ya karanta sabulu, aka yi dariya. Ya karanta folda mai taurin kai, ya ce, "Wannan ai da kai take kama, Malam." Aka sake dariya. Sai ya zo kan haruffa sun yi girma, bai tsaya ba, ya ɗaga murya ya ce, "Yaya idonka?"

Wata mata da ta kawo takardar canjin makarantar 'yarta ta miƙe ta ce bari ta je ta dawo. Har yau ba ta dawo ba.

Na fizge takardar. Da kowa ya watse na sa madubi a layin ƙarshe, abin da na iya gani shi ne "gaya wa Yaya". Farkon layin da ƙarshensa sun shige cikin hazo. Na ce shi ke nan, yaron nan ya kai ƙarata. Mako huɗu ina jiran ta zo da mota a kwashe teburi. In ta kira sai in ce ina da mutane. Ta zo gida sau biyu na ce barci nake ji. Sai da takardarka ta biyu ta zo, na ja mai hoto cikin ɗakinsa na wanke hoto na rufe ƙofa, na ce ya karanta a hankali ko in fasa masa kyamara. Sannan na ji abin da ka rubuta. Na zalunce ka a zuciyata mako huɗu, ka yafe.

To, tunda ka tambaya. Na dama ya kai shekara biyu, kamar ana kallo ta gilashin da aka shafa wa mai. Na hagu ya soma bin sa tun bara. Buga rubutu ba ya ba ni wahala, yatsuna sun san hanya tun kafin a haife ka. Hotunan nan kuwa ƙirga su nake yi, daga kusurwa, shi ya sa da aka matsar da su na zama baƙo a teburina.

Mai hoto ya bi zanenka, ya ce zanen kamar na ɗan aji ɗaya amma ya fahimta. Foldar tana nan, ko takarda ɗaya ba ta ɓace ba. Ya mayar da huɗun hagu yadda suke. Sai dai yanzu 'yar kibiyar maus ce ke ɓace mini. In na same ta na ƙirga, in ban same ta ba sai in yi ta kaɗa hannu, mutane na kallo.

Maganar Yayarka tana nan yadda na ce.

Kawunka

Ranar Lahadi

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Ka ga takardar yau babba ce, bayan tsohuwar kalandar ofis ce, kuma da alƙalamin da muke rubuta lamba a jikin buhu na rubuta. Wannan kai za ka karanta da kanka. Tari ya tafi, ƙyalle kuma na ɗaura.

Babu abin yafewa. Ni ne na lura haruffanka sun girma, amma ban yi tunanin nawa su girma ba. Da na yi tunani da matar nan ba ta tashi ba.

Ga wani abu, ka bar maus ɗin nan ya huta. Watan jiya ƙura ta kashe namu, motoci goma sha ɗaya a layi, direbobi suna ta oda. Injiniyarmu ta shigo ta ce, "Kai Dogo, maus kake wa makoki?" Ta sa yatsa biyu, komai ya buɗe. Na ce ta sake a hankali.

A layin ƙasa na kibod, ta hagu, tsakanin maɓallan da ke kusa da dogon nan na barin fili, akwai mai hoton taga. Mai hoto ya ɗora maka yatsa a kai sau ɗaya, ka ɗiga masa ɗan gam ya bushe don ka riƙa jin sa. Ka danne shi da babban yatsa, kada ka saki, ka taɓa 1. Abin da aka maƙala na farko zai buɗe. Ka taɓa 2, na biyu. Ka taɓa 3, takardun mutane. Ita ma kwamfutar ƙirga su take yi daga hagu, irin ƙirgarka. Ba ruwanta da launi, ba ruwanta da kibiya. Abu ɗaya ne: kada kowa ya canza musu jeri. Ka gaya wa mai hoto, in zai maƙala nasa ya sa a ƙarshe.

A cikin folda ma ba ka bukatar maus. Maɓallin sauka ƙasa zai bi maka su ɗaya-ɗaya, babban maɓallin shiga ya buɗe.

Amma Kawu, wannan buɗe ƙofa kawai zai yi maka. Ba zai karanta maka abin da ke kan takarda ba. Akwai wani mai tuƙa katafila a nan, mahaifinsa ya yi irin wannan hazon, aka ce yanar ido ce, aka cire, yanzu shi ke zura wa matarsa zare a allura. Ban ce naka irin nasa ba ne, ni ba likita ba ne. Na dai ce a duba.

Ɗanka

Ranar Alhamis

Dogo,

Lafiya lau muke, ina fata kai ma haka. Mahaifiyarka ta ga kalandar a kan tebur ta ce ko ka koma sayar da allon talla ne.

Zan fara da mai daɗi. Abin nan ya yi. Ranar farko na danna taga da 1, na ji fankar kwamfuta ta ɗauka, fari ya cika allo, na san takarda ce ta buɗe. Na rufe na sake har sau biyar don daɗi. Mai hoto ya tsaya a bayana ya ce, "Malam, ko dai idon ƙarya kake yi mana?" Na cusa maus a aljihun tebur. Mako biyu na yi ina aiki kamar zamanin tafireta, mutum bai gama zama a benci ba na miƙa masa takardarsa. Har na soma cewa a raina, wane asibiti kuma.

Yanzu ga ɗayan.

A foldar samfuri na san jerinsu da ka. Sauka bakwai, takardar neman hutu. Shekara biyar haka take. Ranar Litinin wani mai gadin kamfanin robobi ya zo, dattijo ne kamar ni, ya daɗe yana zuwa wurina, ba ya karatu ko kaɗan. Mahaifiyarsa ce ba lafiya, yana son hutun mako biyu. Na danna taga da 4, na sauka bakwai, na buɗe, na buga sunansa da kwanan wata a sama inda na saba, na fitar. Ya dangwala yatsa, ya ninke, ya yi godiya ya tafi.

Abin da ban sani ba, mai hoto ya ajiye wata takardarsa ta girman hotuna a cikin foldar. Bai taɓa layin ƙasa ba, yadda ka ce, amma babu wanda ya ce masa kada ya taɓa cikin folda. Takardarsa ta shiga sama, kowa ya matsa ɗaya. Sauka bakwai ta zama takardar ajiye aiki.

Da la'asar sai ga mai gadin, hularsa a hannu. Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, shugabarmu ta karanta ta kalle ni, ta ce Baba me muka yi maka za ka bar mu? Na ce hutu na nema. Ta ce ba abin da takardar nan ta ce ba ke nan. Ta ce in da mataimakinta ta faɗa wa hannu, hatimi kawai zai buga." Sai ya ajiye takardar a gabana ya ce, "Shekara sha tara nake gadin ƙofar nan. Ni ban iya karatu ba, shi ya sa nake zuwa wurin wanda ya iya."

Na buga masa wata, na sa mai hoto ya karanta masa da ƙarfi, wannan karon ni na ce ya ɗaga murya. Ya karɓa ya ce Allah ya kiyaye gaba. Ban san ko zai dawo ba.

Mai hoto ya yi ta ba da haƙuri, na ce ba laifinsa ba ne. Takarda ta fita daga hannuna da sunan mutum a kai ban san abin da ke cikinta ba. Tun ranar kowace takarda sai ya karanta kafin ta tafi, shi kuma yana da nasa aikin, jiya har wani ya gaji da jira a kujerar hoto ya tafi.

Ko akwai wata dabarar da za ta hana jerin cikin folda motsi?

Kawunka

Ranar Asabar

Kawu,

Na gaishe ka. Lafiyata lau. Direban yana jira, ya kashe mota saboda ni, don haka ba zan tsawaita ba.

Akwai dabara. A sa wa kowace takarda lamba a farkon sunanta, ka buga lambar ta kai ka kanta. Mai hoto zai iya yi cikin rabin awa. Ban ɓoye maka ba don kada ka ce na ja maka rai.

Amma tun da na karanta maganar mai gadin nan ban ji daɗin raina ba. Ni na ba ka hanyar da ta sa ka yi sauri, saurin ne ya kai takardar hannunsa. In na ƙara maka wata, gobe kwanan wata ne zai shiga inda suna yake, ko firinta ta ci rabin layi, ba wanda ya gani. Mutanen bencinka ba yatsunka kawai suke zuwa nema ba, Kawu.

Na yi maka alkawari ba zan gaya wa Yaya ba, kuma ba zan gaya mata ba. Kai za ka gaya mata. Ina da hutun kwana huɗu a ƙarshen wata mai zuwa. In kana so in zo in zauna a gefenka ranar, zan zo, ko uffan ba zan ce ba sai ka ce in ce. In ta ce a tattara teburi, mu biyu ne za mu ce a bari a ji bakin likita tukuna. Sai dai mako shida ne kafin nan, kuma kai ka ce na hagun yana bin na dama.

Ɗanka, Dogo

Ranar Talata

Ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka, Yayarka ma, ko da yake ta ce in ka zo akwai magana tsakaninku, ka shirya kunnenka.

Ban jira ka ba. Takardarka ta kwana biyu a aljihuna, ranar ta uku na kira ta na ce in ta tashi daga makaranta ta biyo ta tebur. Ta zo da jakar littattafan 'yan ajinta, ta zauna a benci. Na fitar da takarda ɗaya daga firinta na riƙe a gabana na ce, "Kin ga wannan? Ni fari kawai nake gani da wasu layuka kamar an ja da gawayi."

Ta dubi takardar. Sannan ta ce, "Tun yaushe, Baba?"

Na ce shekara biyu.

Ta ce, "Shekara biyu. Kana tsallaka babban titin nan kullum." Sai ta buɗe jaka ta rufe, ta sake buɗewa. Ta ce, "Wa ya sani?" Na ce Dogo da mai hoto. Ta ce, "Mai hoto! Mai hoto ya sani ni ban sani ba?" Shi kuwa yana jin an ambace shi ya ja labulensa.

Na ce mata tsoro na ji kada ta rufe mini teburi. Ta ce, "Da ka faɗa da wuri ai da ido muke magana, ba teburi ba."

Mun je asibitin ido ranar Alhamis. Likitar ta haska, ta ɗiga magani, ta sake haskawa. Na hagu yanar ido ce, za a cire ranar tara ga wata, ta ce tana sa ran zan karanta da tabarau. Na dama akwai wani abu a bayan yanar, ya daɗe, ta ce za su gwada amma kada in sa rai da yawa. Ta tambaye ni me ya hana ni zuwa bara. Yayarka ta kalle ni, ni kuma na kalli inda nake zaton taga ce.

A mota ta soma maganar ɗakin da ta gyara mini. Na ce zan zauna a gidanta har in warke, wannan na yarda. Teburi kuwa ba a gama maganarsa ba. Ta ce za a gani. Na ce to za a gani ɗin.

Jiya na rufe. Babu takardar da za ta sake fita daga hannuna sai na karanta ta da idona. Na lulluɓe kwamfuta da zane, mai hoto ya karɓi mabuɗi, na ce in ya taɓa layin ƙasa ko cikin folda sai na sa an ɗauke shi hoto yana kuka. Kafin in kashe na danna taga da 1 na buga sanarwar da za a liƙa a ƙofa. Yayarka tana tsaye ta ce, "Baba, rubuta An rufe kawai, ya isa." Na buga abin da na buga, na fitar, na ce ta karanta mini da ƙarfi, don ita ce takarda ta ƙarshe da zan fitar ban gani ba.

Ta riƙe ta ta daɗe. Na ce ina jin ki. Ta karanta: "An rufe na mako biyar. Mai teburin zai dawo."

Na ce ta sake. Ta sake, ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Sannan ta ce in ba ta gam, ita ta liƙa da hannunta, ta ce tawa liƙawar a karkace za ta fito.

Ka zo ƙarshen watan kamar yadda ka ce. A gidanta za ka same ni.

Kawunka